Inna Ta Ce Ba Ta Jin Ƙishi

Litinin, farkon Maris, da hantsi

Tun ina ƙarami na ji ana cewa wani mutum ya mutu da ƙishi yana zaune a kan tafki. Wai tafkin ya daskare, kitsen fitilarsa ya ƙare, ya rasa abin da zai narkar da ƙanƙara, ya yi ta lasa har harshensa ya tsage. Sai da rana ta dawo bayan dogon duhun hunturu aka same shi a zaune kamar mai jiran kifi. Kawu Tagak ne ya fara ba ni labarin, shi kuwa Kawu Tagak mutum ne da ya taɓa rantsuwa cewa ya ga kifi yana tari. Don haka na ajiye maganar inda nake ajiye sauran maganganunsa. Ƙasar ƙanƙara irin tamu, can ƙuryar arewacin duniya, da in ka faɗi a kan ruwa ka faɗi, in ka ɗaga kai ruwa ke sauko maka, wane irin rago ne zai mutu da ƙishi a cikinta?

Abin da ya tuno mini da shi, babbar tankar ruwan garinmu ta lalace. Ƙaramar ce ta rage, ita ma sai ta gama da asibiti da makaranta kafin ta waiwayi gidaje. Tun safe rediyon gari ke cewa a yi tsimi, a rage wanki, a rage kora bayi, sai jirgi ya kawo ƙarfen da ya karye. Na ƙwanƙwasa tankin gidanmu, ya amsa mini daga tsakiya. Ba laifi.

Naulak, autata, ta tafi kudu da mijinta a jirgin asibiti ranar Asabar. Watan haihuwarta bai kama ba, amma sun tafi. Iyakar abin da zan rubuta a kai ke nan.

Ta bar mini 'yarta Uviluk, mai shekara shida. Sunan mahaifiyata yarinyar ta ci, saboda haka uwata ce. Inna nake ce mata, ita kuma ta ce mini ɗana. Ga ni da furfura har a gira, na koma zaman gida da uwata, kuma ni ke ɗaure mata igiyar takalmi.

Talata, da yamma

An rufe makaranta, wai bayin yara ya fi cin ruwa. Inna ta wuni tana wasan sulu a tudun bayan coci, ta dawo kumatu jawur, gashi ya jiƙe da gumi a cikin hular riga. Na miƙa mata ruwa, ta ce ba ta jin ƙishi. To. Mu a gidanmu ba a yi wa mai suna dole. Wanda ya dawo da sunan babba ya san abin da yake so tun kafin a haife mu.

Ipili maƙwabcina ya sauke mini ƙanƙarar tafki a bakin ƙofa, manyan gutsattsari, garau kamar gilashi. Ruwan sha dai ba zai yanke mana ba. Shayin ruwan tafki ma ya fi na tanka daɗi, wannan kowa ya sani, har direban tankar.

Bayan mun ci kifi ta hau gefen kujerata ta ce, “Ɗana, ba ni labarin lokacin da nake babba.”

Na ba ta wanda ta fi so. Shekarar da farauta ta ƙi, muna ɗakin ƙanƙara a bakin teku, kitsen fitila ya kusa ƙarewa, ba a kunna ta sai don dole. Mahaifiyata takan cusa dusar ƙanƙara a 'yar salka, ta sa a cikin riga, a kan fatar cikinta, ta zauna haƙora na kaɗawa har ta narke. Sai ta bi mu ɗaya bayan ɗaya tana ba mu. In muka ce ke fa, sai ta ce, ni ba na jin ƙishi, 'ya'ya su sha. Na ba da labarin nan ya fi a ƙirga, kuma kullum a daidai nan muryata ke rawa. Inna ta saurara tana gyaɗa kai, kamar mai duba ko na faɗa daidai.

Laraba, da rana tsaka

Mijin Naulak ya bugo. An ce a jira.

Alhamis, da safe

Wani abin mamaki: butar shayina ta daina ƙarewa. Na cika ta jiya da safe, na sha, Ipili ya zo karta ya sha, ya ƙara, yau na ɗaga ta na ji ta da nauyi. Na faɗa wa Ipili, ya ce ko dai albarka ce ta sauka a gidana, ko kuma tsufa ya fara sa ni cika buta ina mantawa, kuma shi da ya san ni da zuwa coci ya fi zargin na biyun.

Leɓen Inna ya tsage. Iska ce. Na shafa mata mai.

Juma'a, da yamma

Guguwa ta taso, ba a ganin gidan Ipili daga taga. Babu jirgi, babu ƙarfen tanka. Injin ɗumama ɗaki yana ta huci, gida ya bushe har in ka taɓa bargo sai ya yi tartsatsi.

Mun toya burodin kasko. Ita ta murza ƙullun, ta yi masa kunnuwa, ta ce kare ne, ta hana ni cin kan. Zama da ita akwai daɗi. Tana tsare ni da ido in na sa sukari da yawa, daidai yadda mahaifiyata take yi, har karkatar da kai iri ɗaya. Na lura tun safe sau ɗaya ta shiga bayi, na yaba mata, na ce duk garin nan babu mai bin umarnin rediyo kamarta. Ta ji daɗi ƙwarai.

Na ba ta ruwa bayan burodi. Ta karɓa ta tafi da kofin kicin, ta dawo da shi wayam.

Asabar, da hantsi

Babu waya. Tanki ya fara amsawa daga ƙasa.

Lahadi, bayan coci

Ba mu je cocin ba, a rediyo muka ji. Inna ta ce kanta na ciwo. Ta yi faɗa da 'yar tsanarta, ta yi faɗa da safa, ta yi faɗa da ni don na yi waƙa. Na ɗauka kewar uwarta ce, don ni ma in kewa ta kama ni safa nake fara zagi. Ba ta tambaye ni Naulak ba tun ranar da suka tafi. Ni ma ban tambaye ta abin da ya sa ba ta tambaya ba. Haka muke zaune, kowa na rufa wa ɗan'uwansa asiri.

Talata, da rana

Jiya ban yi rubutu ba.

Jikinta ya yi zafi, ta shiga bayi ta fito tana kuka, ta ce yana yi mata zafi. Guguwa ta lafa, na naɗe ta na ɗora a bayan babur ɗin ƙanƙara muka tafi asibiti. Nas Bernice muka samu, doguwar matar nan da ta zo mana daga gabas, wadda ke gaishe ni da harshenmu kamar tana tauna dutse. Ta duba baki, ta duba ido, ta tsunkuli fatar hannu, ta ba ta 'yar kwalba ta ce ta yi fitsari a ciki. Abin da ya fito kaɗan ne, launinsa kamar shayin da aka manta a kan wuta.

Ta tambaye ni ruwa nawa yarinyar ke sha a wuni. Na ce iya abin da take so. Ta ce nawa ke nan? Na ce ban taɓa ƙirgawa ba.

Ba ta yi mini faɗa ba, da ma ta yi. A hankali ta ce yarinya kamar wannan tana bukatar kamar kofi biyar a wuni, in ta yi guje-guje a ƙara, kuma ba a jira sai yaro ya roƙa, don sanyi yana ɓoye ƙishi. Ta hura iska a jikin taga ta nuna mini raɓar da ta kwanta, ta ce duk numfashin da muke gani yana tashi kamar hayaƙi, ruwan jikinmu ne ke tafiya. Ta ce ciwon mafitsara ne ya kama ta saboda ƙarancin sha. Har ta ƙara da cewa ana mutuwa da ƙishi a tsakiyar ƙanƙara, ta gani a aikinta. Na ce a raina, Kawu Tagak ya samu mai tsaya masa, kuma da takardar makaranta.

Ta ba da magani da garin gishiri da sukari na jiƙawa. Sannan ta ja ni gefe ta ce, “Baba Simiuni, in zuwa Juma'a ba ta sha ba, zazzaɓin bai sauka ba, zan kira jirgi. Ba zan jira ya hau ƙoda ba.”

Jirgin nan asibiti ɗaya yake kai mutanenmu. Naulak na kwance a hawa na sama, an ce kada a bari komai ya tayar mata da hankali, sai a shigo da 'yarta ta ƙofar ƙasa a kan gadon turawa. Na ce wa nas za ta sha.

Talata dai, da yamma

Ta haɗiye magani da ɗan kurɓin da ba zai jiƙa tsuntsu ba. Sauran ta ce ba ta jin ƙishi.

Laraba, da safe

Na gwada lallashi. Na gwada kofin Naulak mai hoton tsuntsu. Na gwada cewa mu yi tsere, na shanye nawa, ta tafa mini, ta ce ɗana ya iya sha. Na ɗaga murya, karo na farko tun da aka haife ta, na ce sai ta sha. Ta dube ni, ba tsoro, mamaki kawai, irin kallon da za ka yi wa karenka in ya yi maka magana. Muryar ta koma inda ta fito. Ban iya ba. Bakina bai saba ba.

Laraba, da rana tsaka

Na ga inda albarkar butata take fitowa.

Laraba, da yamma

Bari in rubuta shi sosai. Na ba ta kofi, ta tafi kicin kamar kullum, na bi ta da safa ba takalmi. Ta jawo kujera, ta hau, ta buɗe murfin buta da hannu biyu, ta juye ruwan a hankali don kada ya yi ƙara, ta mayar da murfi. Da ta juyo ta gan ni ba ta firgita ba.

Na ce, “Inna, me ya sa?”

Ta ce, “An ce ruwa zai ƙare.”

Na ce na wanka ne zai ƙare, na sha ga shi can jibge a bakin ƙofa, tafki guda muke da shi.

Ta girgiza kai, ta dafa mini hannu, leɓe duk a tsage, ta ce, “Ni ba na jin ƙishi. 'Ya'ya su sha.”

Har inda nake jan numfashi in ina faɗa, nan ta ja.

Na zauna a ƙasan kicin, ni da gwiwar da ba ta lanƙwasuwa. Na ce mata wancan zamani daban, wannan daban. Ta ce ai ita ce dai. Me zan ce? Shekara shida ina gaya mata ita ce.

Mijin Naulak ya bugo, ya ce gobe likitoci za su yanke shawara. Ya tambayi Uviluk, na ce tana nan tana mulkinmu.

Alhamis, da hantsi

Na buga wa Yaya Arnakallak. Ta girme ni da shekara tara, tana zaune can ƙarshen gari wajen ɗanta, ba ta fita in ba biki ko jana'iza ba. Na faɗa mata komai. Ta ce in maimaita mata labarin yadda nake ba yarinyar. Na maimaita. Sai na ji wani sauti a wayar, na ɗauka tari ne, ashe dariya ce.

“Kai Simiuni, wannan shirmen kake ba mutane shekara da shekaru?”

Na ce a gabana aka yi.

“A gabanka? Kai da ba ka tashi sai an ja ka ta ƙafa? Sarkin barci, majina har haɓa. Ka ɗora ruwa, ga ni nan.”

Ta ajiye waya. Ina jira. Inna na kwance a kujera, jiki zafi, tana kallon silin.

Alhamis, da yamma

Ɗanta ya kawo ta a kan katakon sulun da babur ke ja, an naɗe ta da fatu kamar kayan da za a kai kanti. Ta shigo tana zagin matakalata. Ba ta ko dube ni ba, ta wuce wajen yarinyar, ta durƙusa da ƙyar, ta sa hanci a kumatunta ta shaƙa, ta ce, “Inna, 'yarki ta zo gaishe ki.”

Ta sa na kawo gutsuren ƙanƙarar tafki da kwalbar roba mai murfi. Ta farfasa, ta cika, ta ɗaga rigar yarinyar ta sa mata a ciki a kan 'yar shimi, ta ce ta narkar mana, mu 'ya'yanta ƙishi muke ji. Idon Inna ya buɗe. Ta rungume kwalbar da hannu biyu, sanyin ma ya yi wa zazzaɓin daɗi. Muka zauna muna jira, Yaya na ba ta labarin yadda na taɓa faɗawa ramin kamun kifi da ƙafa ɗaya, wanda ƙarya ne, ƙafa biyu ne.

Da ya narke, Inna ta fito da kwalbar ta miƙa mini. Yaya ta buge mini hannu.

Ta ce, “Haba Inna, kin manta ne? Ba haka kike yi ba. Wannan yaron barci yake lokacin, bai san komai ba. Ni ce nake farke, ni nake riƙe miki bakin salka. Ta fari ke kike shanyewa tas, kafin kowa ya motsa. Na taɓa tambayarki, kika ce in kika bushe kika faɗi, cikin wa zai narkar wa yara? Sai ta biyu kike ba mu. Shi ya sa in sun ce ke fa, kike cewa ba kya jin ƙishi. Ai gaskiya kike faɗa, kin riga kin sha.”

Yarinyar ta dubi Yaya, ta dube ni. Ni kuwa bakina a sake, don yau na fara jin wannan. Na tambayi Yaya da ido ko shiri ne, ta harare ni, irin hararar da ba a yi wa ƙarya ado da ita.

Inna ta yi tunani mai tsawo, irin na manya. Sannan ta ce, “Na tuna.”

Ta kafa kai. Muna jin saukarsa a maƙogwaronta. Ta tsaya ta huta, ta ƙara, har kwalbar ta yi ƙara. Ta goge baki da bayan hannu ta ce a sake cikawa, yara na jira.

Yaya ta sha shayi kofi uku, ta ce burodina ya yi tauri, ta tafi. A bakin ƙofa na tambaye ta don me ba ta taɓa gyara mini labarin ba. Ta ce ta ga ina jin daɗin kukana, ba ta so ta katse ni.

Juma'a, da rana

Nas Bernice ta duba kwalbar fitsarin a hasken taga, ta ce launin ya fara hankali. Zazzaɓi ya sauka. Babu jirgi. Ta ce a ci gaba da magani har ya ƙare, a ci gaba da ruwa har abada. Na faɗa mata yadda aka yi, ta ce a makarantarsu ba a koya musu wannan ba, amma ba ruwanta da ko wace ce ta sha, uwata ko jikata, muddin cikin ɗaya ne.

Asabar, da safe

Waya ta yi ƙara ina wanke kofi. Na tsaya ina kallonta har ta kusa katsewa.

Muryar Naulak ce da kanta. A gajiye, amma ita ce. A bayanta akwai wani ɗan kuka siriri, kamar na ɗan tsuntsun da ya faɗo daga sheƙa. Ta ce ƙarami ne sosai, yana cikin akwatin gilashi, amma yana ja da ƙarfi. Na miƙa wa Inna wayar. Sai a lokacin ta fashe da kukan da take ajiye da shi tun ranar da jirgi ya tashi, hawaye shaɓe-shaɓe, har da majina. Na tsaya ina kallon hawayen nan ina murna da yawansu. Ranar Talata da ta yi kuka, ko ɗigo bai fito ba.

Litinin, da hantsi

Ƙarfen tanka ya iso, an ce ba shi ba ne, na wata mota aka aiko. Rediyo na ta bayani. Ipili ya ƙaro ƙanƙara.

Sabuwar doka ta kafu a gidan nan. Da safe Inna ta sha nata, ta tsaya a kaina sai na sha nawa. Haka kafin ta fita wasa, haka in ta dawo, haka bayan abinci. Ta ce shayi ba ya cikin lissafi, ban san wa ya gaya mata ba, ina zargin nas. Yanzu ni da ita layi muke a ƙofar bayi, tanki na kuka, ni ina ta roƙon gafarar rediyo. Butata ta koma ƙarewa kamar ta kowa.

Laraba, da yamma

Leɓenta ya warke. Ta ci burodi har da kan karen. Naulak ta ce sai yaron ya ƙara nauyi za a sallame su, wataƙila ƙarshen wata. Za ta tarar da 'yarta da kumatu, iyakar abin da na roƙa ke nan. Sauran labarin Yaya za ta rigaye ni faɗa mata, kuma ta ƙara gishiri.

Ɗazu ina gyaran ragar kifi a baranda, na shagala, ta fito da kofi a hannu tana tafiya a hankali kada ya zube. Na ce ta ajiye, ba na jin ƙishi. Wallahi haka bakina ya faɗa. Ta ajiye ɗaya hannun a ƙugu ta ce, “Ɗana, sanyi ne yake ruɗinka. Akwai wani mutum da ya ce haka, yana zaune a kan tafki guda, aka same shi ya bushe ƙayau. Sha ina gani.”

Na sha.

Labarin nan na ji shi a bakin Kawu Tagak na yi dariya, na ji shi a bakin nas na yi shiru. Wadda ta faɗa mini na ƙarshe ita ce Uviluk, uwata, tana tsaye a kaina da takalmi a juye, na dama a hagu. Ita kam ban isa in ƙaryata ta ba.